Shekarar da Na Raba Gonar Babanmu

Na san abin da ake gaya muku in kun je gida hutu. Ana cewa ubanku ya daɗe a Riyad har sanyin na'urar ɗaki ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya ɗauki gonar gado ya miƙa wa gwamnati, ya kwance zumuncin da ubansa ya bari a ɗaure. Rabin maganar gaskiya ne, don haka ba zan yi muku rantsuwa ba. Gona ta rabu, kuma ni na raba ta. Amma gara ku ji yadda aka yi daga bakin mai laifin, tun yana da sauran haƙoran magana.

Sai na fara da abin da ban so ku sani ba. Ni ɗin nan da kuka tashi kuna gani da rigar ma'aikata mai ruwan ganye, ina bin itatuwan bakin titi ina shafa su kamar ungozoma, a ƙuruciyata babu wanda ya kai ni iya kashe itace a duk Tudun Gawo. Makarantar boko aji biyu na yi, na fito da rubutun sunana da tsoron bulala, amma a wannan fanni da ana ba da takardar shaida da tawa ta fi ta kowa girma. Kuma ba mugunta ba ce. A wancan zamani doka ta ce duk itacen da ya tsaya da gindinsa na hukuma ne, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro, ko da akuyarka ce ta kawo irinsa. Wata shekara da rani ya yi tsanani, babanmu ya sassabe reshen gawo ɗaya a gonarsa don awaki su samu ganye. Ma'aikatan gandun daji suka zo a kan babur, suka karɓe gatarinsa, suka tafi da shi, ya kwana biyu a kulle. Da ya dawo bai zagi kowa ba. Ya zauna ya sha fura, ya kira ni da ƙanena Iro, wanda kuke ce wa Baffa, ya nuna mana wani ɗan tsiro a gefen kunya, ya ce kada ya sake ganin irinsa ya kai gwiwa a gonarsa.

Tsiron da ya fito da kansa ba wuya, fartanya ce kawai. Wahalar ita ce dashen da hukuma ke kawowa a mota, a ce kowa ya dasa a bakin gonarsa, domin wannan ƙirga shi suke yi, in ka tumɓuke za a gani. To nan basirata ta fito. Ka durƙusa kamar mai gyara masa ƙasa, ka sa yatsu biyu a gindinsa, ka ɗaga shi kaɗan, tsawon farce, har ka ji saiwar ƙasa ta tsinke a hannunka. Sai ka mayar da shi, ka danne ƙasar da diddige, ka ɗebo ruwa ka zuba masa a gaban kowa, har da addu'a. Bayan mako guda ganye ya yi yaushi daga sama, ma'aikaci ya zo ya tsaya yana zagin rana. Ɗagawa muke kiran abin. Ni na koya wa Iro, Iro ya koya wa rabin gari.

Yadda na zo ƙasar nan kun sha ji, ba zan maimaita ba. Na yi shekaru ina ba furannin kafilina ruwa, mutumin da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ke hannunsa, daga baya aka mayar da ni wani kamfani da ke dasa itatuwa a bakin tituna. Ranar da aka miƙo min tiyo aka ce aikina raya dashe, na shiga banɗaki na yi dariya har da hawaye. Allah Yana da hanyoyin rama wa bayinSa, har da marasa baki.

Shekarar da nake so in ba ku labari, muna zaune a unguwar Suwaidi, a gidan sama na bayan masallaci, ni da uwarku Balaraba da yayarku Rahina, wadda ta riga ta fara aikin jinya a asibiti. Wata Juma'a bayan an sauko, mun sa tiren shinkafa a gaba, sai ga kiran Iro. Na ajiye wayar a gefen tire na buɗe muryar kowa ya ji, don uwarku ba ta yarda da labarin da na ji ni kaɗai. Bayan gaisuwa ya ce mutanen gwamnati sun zo gari. Rairayi ya ci gonakin arewa, namu ma ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku, wannan duk na sani. Wai za su ja layin itatuwa ta arewacin gonakin ya tare iska. Za su kawo dashe, da waya ta shinge, su haƙa rijiya. Kuma wai doka ta sake, yanzu itace na wanda ya dasa ne. Kowane gida sai babba ya dangwala yatsa, mu kuma gonarmu ba a raba ba tun rasuwar Baba, ni ne babba.

"Na ce musu Yayana yana Saudiyya," in ji Iro, "amma na san amsarsa."

"Ka ce musu yatsan nawa ƙurji ya fito masa," na ce. "In ya warke zan aiko."

Muka yi dariya mu biyu, irin wadda muka daɗe ba mu yi ba. Rahina ce ba ta yi ba. Ta ajiye cokali, ta matso da bakinta kusa da wayar, da Hausarta wadda Larabci ya take wa wutsiya.

"Baffa, wallahi zafi ƙaruwa yake. Kullum ana kawo mana leburori sun faɗi, jikinsu kamar tanda. Duniya duka ake magana. In ba a dasa ba, yashi zai ci gonar khalas, shi ke nan."

"'Yata," in ji Iro, "ke a littafi kika karanta, ni a rumbuna na karanta. Damina da ke zuwa wata huɗu yanzu in ta yi biyu da rabi sai mu gode. Rijiyar da kakanki ya haƙa gaba shida yanzu ko gaba goma ba ka jin ɗigon ruwa. Ba wanda zai koya min cewa sama ta sake hali. Ni ba da zafi nake gardama ba. Da mai riƙe da takarda nake gardama."

Rahina ta dube ni tana jiran in taya ta. Na ɗauki cinyar kaza na ba bakina aiki. A raina Iro ya gama magana.

A watan ne aka ba ƙungiyarmu wani titi a nan cikin Suwaidi, mai shaguna hagu da dama. Muka dasa layi guda, kowanne da ɗan bututun da ke ɗiga masa ruwa a kan lokaci. Duka suka kama sai ɗaya, na ƙofar wata baƙala, shagon kayan masarufi na wani dattijo ɗan ƙasa da ake kira Abu Fahad. Ya bushe, muka sake. Ya bushe, muka sake. Shugaban aikinmu ya zagi bututu, ya zagi taki, ya zagi mai kawo dashen. A karo na uku na durƙusa na duba. Ganye ya fara yaushi daga sama. Ƙasar gindinsa a danne take, lif, da sawun diddigen takalmi, kuma jiƙe take fiye da ta sauran. Na sa yatsu biyu na taɓa, dashen ya biyo hannuna ba gardama. Wani abu kamar murna ya kama ni, irin ta mutumin da ya ji yarensa a tsakiyar kasuwar baƙi. Na ɗaga kai. Dattijon yana zaune a kan kujerar roba a ƙofar shagonsa, da carbi, yana kallon sama kamar wanda ya zo duniya jiya.

Na bari sai da abokan aikina suka tafi shan shayi, na je na yi masa sallama da Larabcina na kasuwa, wanda uwarku ke cewa in Balarabe ya ji sai ya nemi tafinta.

"Ya Abu Fahad, hannunka yana da kyau. Amma kana danne ƙasar da yawa. Mai ido zai gane."

Carbin ya tsaya. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Kai ɗan sanda ne, ya Hajji?"

"A'a. Malamin abin ne. Na yi shekara goma ina yi kafin ka fara."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa da dariya. Ya jawo min kwalin madara na zauna, ya ba ni ruwan sanyi. Ya ce shi ba ya ƙin itace, a gonar ubansa ya tashi cikin dabino. Amma ramin nan an haƙa shi daidai inda masu sayayya ke tsayar da mota, kuma a garin nan wanda bai samu wurin tsayawa ba gaba yake yi. Ya ce shekarun baya wani kamfani ya tone ƙofar shagon, aka ce masa mako biyu, aka yi wata bakwai yana tsallaka rami a kan katako. Ya ce yanzu ma za su dasa, su ɗauki hoto, su tafi, in itacen ya girma ya rufe masa allon shago ba shi da ikon taɓa reshe ɗaya. Ina sauraronsa ina jin muryar Baba, sai dai wannan da farar riga da jan rawani.

Ban kai ƙararsa ba. Da na kai, da abin da za a yi masa ba ƙarami ba ne, kuma wanda ya yi shekara goma yana ɗagawa ba shi da fuskar kai ƙarar wanda ya yi sau uku. Da jami'in baladiyya, wato hukumar gari, ya zo zagayen duba aiki, wani saurayi mai gilashi, na tare shi na ce itacen nan ba zai taɓa rayuwa a ramin nan ba. Ya ce don me. Na ce don ramin yana kan abincin wani. Ya dubi ramin, ya dubi shagon, ya dubi dattijon da ke ƙirga gajimaren da babu. Yaron ba wawa ba ne. Bai tambayi wanda ya kashe ba. Ya je ya gaishe shi, suka yi magana, na ji ya ce zai dawo ranar Lahadi ƙarfe tara da mai awo.

"Lahadin wace shekara?" in ji Abu Fahad bayan ya tafi.

Ranar Lahadi tun takwas da rabi na sami dalilin gyara bututun da bai lalace ba a ƙofar shagon. Dattijon ma ya fito da kujerarsa da wuri, yana duba agogo a ɓoye. Tara saura kaɗan motar ta tsaya. Aka auna, aka matsar da ramin taku huɗu zuwa kan iyakarsa da mai wankin kaya, aka cike tsohon, aka bar masa wurin mota. Saurayin ya rubuta masa a takarda cewa in reshe ya kai allon shago ya kira, a zo a rage, ya sa hannu. Abu Fahad ya karɓa bai ce na gode ba. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun ƙirji. Mako biyu bai kalli sabon dashen ba. A na uku na zo na tarar an jawo siririn tiyon da ruwan na'urar sanyaya shagonsa ke ɗiga, an ɗaure shi da igiyar buhu, an kai bakinsa gindin itacen.

Kada ku ce na ce nan Aljanna ce. A ƙasar nan ba a cika tambayar mutum ra'ayinsa ba, balle baƙo mai iƙama, kuma na ga ramukan da ba a matsar ba. Abin da na gani kawai nake faɗa. Ba wanda ya yi wa dattijon nan wa'azin zafi, ya fi su sanin zafi. An ce masa Lahadi, aka zo Lahadi. Abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki. Ina ba itatuwan mutane ruwa ina tunanin gonarmu, yadda muka share ta tas da hannunmu har iska ta samu hanya, muna ganin mun yi wa hukuma wayo. Hukuma tana birni a ƙarƙashin fanka. Rairayin a gonar wa ya sauka?

Wata safiya ina shan koko na ce wa uwarku zan dangwala.

"Kai da ka kashe itatuwan rabin gari, yau kai ne limaminsu?"

"Tuba ake yi, Balaraba."

"Tuba da gonar mutane? Alhaji, ka san Iro. In ka yi wannan ba zai zauna gona ɗaya da kai ba. Mu kuma ba a nan za mu tabbata ba. Ranar da iƙama ta ƙare muka koma, a ƙofar wa za mu sauke kaya?"

Tambayar ta fi ƙarfin koko. Amma na riga na yanke. Abin da na ce a raina shi ne, ban yarda da su ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yarda ba. Zan dai ba su Lahadi ɗaya in ga ko za su zo. Na sa Rahina ta zauna da biro. Na ce ta rubuta wa mutanen gwamnati cewa Tanko ɗan Mamman zai sa yatsa in an cika masa abu uku. A rubuta da Hausa, ba da Turanci ba, cewa itacen na mai gona ne, ya sare, ya sayar, ya bar wa 'ya'yansa. A karanta a ƙofar mai gari bayan sallar Juma'a, kowa ya ji. A buga hatimi, a ba ƙanwarmu Talatu takardar a hannu, ta ɗauko min hotonta a waya. Rahina tana rubutu tana murmushi, ta ɗauka maganarta ce ta ci ni. Na bar ta da ladanta.

Na yi zaton za su watsar. Wata biyu shiru, sai ga hoton takarda. Sun yarda da duka, sun ƙara layi ɗaya nasu, cewa wanda ya sare ɗaya zai dasa biyu. Rahina ta karanta min sau uku, na sa ta ƙara girman hatimin har ya cika fuskar wayar, kamar na san yadda hatimin gaskiya yake. Ran nan da la'asar Iro ya kira. Bai tambayi lafiyar kowa ba.

"Yaya, an karanta sunanka a ƙofar mai gari."

"Na ji."

"Takarda ce ta ruɗe ka? Wadda akuya ke ci? Wanda ya buga hatimin nan badi an ɗauke shi. Wanda zai zo ya ce bai taɓa gani ba. Lokacin itatuwa sun girma, sai a ce wannan yanki gandun hukuma ne, a kafa allo. Kai kana can kana shan sanyi. Wa za a zo a tafi da shi a kan babur?"

Ba ni da amsa, kuma ku rubuta wannan da kyau, har yau ba ni da ita. Abin da na iya cewa kawai shi ne, in mun dasa wataƙila su cuce mu, in ba mu dasa ba rairayi ba ya wataƙila.

"To a raba," in ji shi. "Ka yi caca da rabonka."

"A raba. Ni zan ɗauki arewa."

Arewa ita ce wadda yashi ya ci, ba mai hankalin da zai zaɓe ta. Ina jin Iro ya so in yi gardama, ya samu abin riƙewa. Sai ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, ya kashe.

A waya na kalli rabon, ina zaune a inuwar motar ruwa lokacin hutun rana, domin a nan in zafi ya kai zafi ana hana aiki a fili da tsakar rana. Talatu ce ta riƙe wayar, rabin abin da na gani sama ce da ƙafafun mutane. Liman da dattawa biyu suka ja igiya. Gwaggonku Talatu, da yake mijinta ya rasu kuma ita ke noma da kanta, ta ce a haɗa rabonta da nawa. Igiyar ta bi ta daidai wurin da Baba ke shimfiɗa buzunsa ya yi azahar. Aka dasa gamba a kan iyaka. Na ga bayan Iro, bai juyo ba ko sau ɗaya. Na goge fuskata da hular aiki na ce wa direban motar gumi ne, shi kuma ya yi min kara bai dube ni ba. Daga ranar Iro ya daina kira. Da sallah matarsa ke gaishe da uwarku, ta ce maigida yana gaisuwa, mu kuma mu yi kamar mun yarda.

Yanzu ku ji abin da gwamnati ta cika da wanda ba ta cika ba, don kada wani ya ƙara muku ko ya rage. Dashe ya zo, darbejiya da ƙirya da ɗan gawo, a makare da mako uku amma damina ba ta wuce ba. Wayar shinge ba ta zo ba har gobe. Rijiya an fara, aka kai gaba uku, aka kafa allo mai kyau, aka tafi. Allon yana nan, awaki na sosa jiki da shi. Talatu ce ta sari ƙaya ta kewaye kowane dashe, ta yi rani biyu tana kai ruwa da jaki tun daga rijiyar gari. In kun ga bayanta ya ranƙwafa, ku san ba tsufa kaɗai ba ne, akwai hannuna a ciki. Fiye da rabi suka mutu. Duk wanda ya mutu sai na sa ta tono shi ta nuna min saiwarsa a waya, ina dubawa da idon gwani. Ƙishirwa, gara, haƙorin akuya. Ko ɗaya ban ga an ɗaga ba. Iro yana wucewa ta gefensu safe da yamma, da yatsun da ni na horar, bai taɓa ko ɗaya ba. Wannan ma ku riƙe masa.

A shekara ta huɗu darbejiyoyin da suka rayu sun fi mutum biyu tsawo. Talatu ta ce yashi ya fara taruwa a bayansu maimakon ya wuce, har ta shuka wake a inda aka daina shuka tun ina gida. Mutanen gari suka fara zuwa kallo, amma ba wanda ya dasa. Kowa ya ce bari a ga ranar da za a kafa allo. Na gane duk ganyen duniya ba zai amsa tambayar Iro ba. Itacen da ba ka isa ka sare ba ba naka ba ne, ko hatimi goma aka buga. Don haka na aika da saƙo gida. Na ce a zaɓi wanda ya fi kowanne miƙewa, a sare shi ranar kasuwa da hantsi, a ɗora a amalanke, a bi da shi ta ƙofar ofishin gandun daji, a hankali. Uwarku ta ce wannan karon haukan ya nuna. Talatu ta ce ita marayu ke gare ta. Duk wanda aka tambaya sai ya ce bayansa na ciwo. Kwana biyar ana neman mai gatari a garin da kowa ya tashi da gatari.

Ran na shida ina ɗaure wani dashe a sanda, waya ta yi ƙara. Na ga sunan, na zauna a bakin kwalta.

"Yaya."

"Iro."

"An ce kana neman wanda za a kama."

"Ina neman wanda zai sare min itacena."

"Ni zan sare. Ba don kai ba. Ina so in an kulle ni Talatu ta ɗauko maka hotona ta taga, ka nuna wa Larabawanka."

"Ka tafi da takardar a aljihu."

"Ba zan tafi da ita ba. In sai da takarda a aljihu, ba doka ba ce, laya ce."

Ranar kasuwar ban iya aikin komai ba. Na ba itace ɗaya ruwa sau uku. Na je na zauna wurin Abu Fahad, a inuwar da yanzu ta kai kujerarsa, na kasa gaya masa abin da ke damuna don Larabcina bai kai nan ba. Sai bayan azahar saƙon murya ya shigo. Ina jin kukan jaki da hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Yaya, na wuce. Ba su ce komai ba, sai na juyo na sake wucewa, na tsaya na gyara igiya a bakin ƙofarsu. Wani ya fito, na ce a raina to ga ta nan. Ya ce sannu Baba, azara za a yi? In na sayarwa ne a rage masa." Ya yi tari. "Ba su kama ni ba. Yau dai ba su kama ni ba. Badi zan sake sare wani, a gani."

Iyakar gamba tana nan. Baffanku bai dasa ko tsinke a gefensa ba, kuma in kun tambaye shi zai ce muku gwamnati barci take, ba mutuwa ta yi ba. Wataƙila ya fi ni gaskiya. Amma biyun da doka ta ce a mayar, shi ya haƙa musu rami, a gefena, yana mita. Na ce masa ya sare ɗaya duk shekara muddin yana da ƙarfin ɗaga gatari. In mun kau, ni da shi, aikin naku ne, kuma don shi na ba ku wannan dogon labari. Kowace shekara ku sare ɗaya ranar kasuwa da hantsi, ku bi da shi ta ƙofar ofishin, ku dawo ku dasa biyu. Shekarar da aka kama ɗayanku, ku je ku samu Baffanku, ko a gida ko a maƙabarta, ku ce masa ya yi gaskiya. Kafin ranar ta zo, ku ba su ruwa.